BABI NA UKU: GUDUMMAWAR MASU AIKIN SA-KAI WAJEN ƘARFAFA ƘARAMAR HUKUMA, MISALI DAGA GWIWA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bayyana irin gudummawar da masu aikin sa-kai suke bayarwa wajen tafiyar da mulkin da ya fi kusa da talaka, tare da ɗaukar Ƙaramar Hukumar Gwiwa ta Jihar Jigawa a matsayin misali. A wasu ƙasashe ana kiran irin wannan mulki da sunan gwamnatin birni, inda magajin gari da 'yan majalisarsa ke kula da ruwa da shara da kasuwa. A Nijeriya kuwa, ƙaramar hukuma ce take ɗauke da wannan nauyi, ko a birni take ko a karkara. Babin zai fara da ma'anar aikin sa-kai da asalinsa a ƙasar Hausa, sannan ya duba nauyin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, da fannonin da masu sa-kai suke tallafa mata, daga ƙarshe kuma ya kawo matsalolin da ke tattare da lamarin.

3.1 Ma'anar Aikin Sa-kai

Aikin sa-kai shi ne duk wani aiki da mutum ya ɗaukar wa kansa domin amfanin jama'a, ba tare da an tilasta masa ba, kuma ba tare da jiran albashi ba. Idan aka duba wannan ma'ana za a ga tana da ginshiƙai uku, wato ganin dama, da amfanin jama'a, da rashin lada na kuɗi. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya faɗi, aikin ya tashi daga sa-kai. Misali, tsaftar muhalli ta ƙarshen wata da aka fara a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari (1984 zuwa 1985) aiki ne na amfanin jama'a, amma tun da ana hukunta wanda ya ƙi fita, ba za a kira shi sa-kai ba. Haka ma bautar ƙasa da aka kafa a 1973, domin doka ce ta wajabta ta a kan masu digiri.

Ya kamata a lura cewa daga wajajen 2011 kalmar 'yan sa-kai ta ɗauki wata ma'ana ta daban a jihohin Zamfara da Katsina, inda ake nufin masu ɗaukar makami su fafata da ɓarayin daji. Domin guje wa ruɗani, wannan babi zai riƙa amfani da "masu aikin sa-kai" da ma'anar da aka bayar a sama.

3.2 Asalin Aikin Sa-kai a Ƙasar Hausa

Bahaushe ya san aikin gayya tun kafin ya san hukuma irin ta zamani. Idan noma ya fi ƙarfin magidanci, ko rashin lafiya ta kwantar da shi a tsakiyar damina, sai a gayyaci samarin gari su taru a gonarsa. Shi nasa fura da tuwo, makaɗa kuma suna zuga majiya ƙarfi, a gama cikin yini guda aikin da zai ci mako. Da irin wannan gayya ake yasar rijiya, da share maƙabarta, da yaɓen masallaci, da cike zaizayar da ta yanke hanyar kasuwa. Abin da ke riƙe da gayya shi ne sanayya da kunya. Wanda ya ƙi zuwa ta wani ya san ranar tasa ba zai ga kowa ba. Wannan ne Hausawa suka dunƙule a cikin karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zuwan Turawa ya gauraya wannan al'ada da aikin tilas. Hukumar En'e takan umarci dagatai su kawo mutane domin gyaran hanya ko ɗaukar kaya, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma an kwashi dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos. Tun daga nan talaka ya koyi bambanta aikin da yake nasa da aikin da yake na hukuma, kuma har yau wannan bambanci yana tasiri a kan yadda yake karɓar kiran gwamnati.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gayya ta ɗauki sabon salo, inda aka sami ƙungiyoyin taimakon kai da kai, da ƙungiyoyin samari, da rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi ƙoƙarin jawo irin waɗannan ƙungiyoyi a jika ta hanyar hukumar raya karkara ta DFRRI (1986) da hukumar wayar da kai ta MAMSER (1987). Ba Nijeriya kaɗai ta bi wannan hanya ba. A Kenya, shugaba Jomo Kenyatta ya mayar da Harambe, wato haɗa ƙarfi, taken ƙasa tun 1963, kuma da kuɗin jama'a da guminsu aka gina ɗimbin makarantun sakandare a can.

3.3 Ƙaramar Hukumar Gwiwa da Nauyin da ke Kanta

Gwiwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana arewa maso yammacin jihar, yankin da ya haɗa da Kazaure da Roni da Babura, kuma tana iyaka da Jihar Katsina. Ita da Kazaure da Roni da 'Yankwashi su ne suka haɗu suka zama Masarautar Kazaure. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 120,000, waɗanda suke warwatse a mazaɓu 11, daga cikinsu akwai Gwiwa da Korayel da Dabi da Buntusu da Shafe da Yola. Akasarin jama'ar Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya.

Tsarin ƙananan hukumomi na yanzu ya samo asali ne daga gyaran fuskar 1976, wanda ya mayar da su mataki na uku na gwamnati, ya kuma bar wa sarakuna matsayin masu ba da shawara. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a tafiyar da su ta hannun zaɓaɓɓun shugabanni, Jadawali na Huɗu kuma ya jero ayyukansu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mahauta, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Har ila yau an ɗora musu hannu a cikin ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da kiwon lafiya.

Idan aka auna wannan nauyi da abin da ke hannun hukuma irin ta Gwiwa, za a ga giɓi mai faɗi. Harajin kai da jangali, waɗanda su ne jigon kuɗin shigar En'e, Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano a 1979. Abin da ya rage na cikin gida shi ne kuɗin rumfa da na tasha da makamantansu, waɗanda ba su taka kara sun karya ba a yankin da ba shi da masana'antu. Saboda haka dogaro ya koma kan kason Asusun Tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 na ƙasar suke raba kashi 20.60 cikin ɗari, kuma albashin ma'aikata da na malaman firamare ne yake lashe mafi yawansa. Ma'aikatan da ake da su kuwa galibi a sakatariya suke, alhali matsalolin suna can cikin ƙauyuka da rugage. Wannan tazara da ke tsakanin sakatariya da ƙauye ita ce masu aikin sa-kai suke cikewa.

3.4 Fannonin da Masu Aikin Sa-kai Suke Tallafawa

3.4.1 Kiwon Lafiya

Taron Alma-Ata na 1978 ya amince cewa kiwon lafiya matakin farko ba zai yiwu ba sai da sa hannun jama'ar da ake yi dominsu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dasa wannan tsari a Nijeriya, ya kuma ɗora shi a kan ƙananan hukumomi. Daga baya aka samar da kwamitocin ci gaban mazaɓa, waɗanda mambobinsu ba ma'aikata ba ne. Aikinsu shi ne sa ido a kan asibitin mazaɓa, da isar da koken jama'a, da sanar da su ranakun awo da rigakafi.

Babu inda darajar masu sa-kai ta fito fili kamar a yaƙi da cutar shan-inna. A 2003 an dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda raɗe-raɗin cewa an gurɓata maganin. Ko da aka ci gaba a 2004, iyaye da yawa sun ci gaba da ɓoye 'ya'yansu. Maganin yana nan, motoci suna nan, kuɗi suna nan, abin da ya ɓace shi ne yarda. Ma'aikacin lafiya namiji, baƙo a garin, ba shi da ikon wuce zaure. Wannan ya sa a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko, a 2012 kuma Asusun UNICEF ya fara tsarin mata masu wayar da kai a jihohin da cutar ta fi kamari, ciki har da Jigawa. Akan zaɓi mace daga cikin unguwar da za ta yi aiki, wadda aka san gidansu, aka san mijinta. Tana shiga gida-gida, tana rubuta masu juna biyu da jarirai, tana halartar taron suna domin a ɗiga wa jariri maganin, tana kuma kai sunan gidan da aka ƙi ga mai unguwa domin a yi lallashi. A 2016 aka ga cutar ta daji karo na ƙarshe a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga nahiyar Afirka.

Wani misali shi ne na direbobin haya. A ƙarƙashin wani shirin kula da lafiyar mata da yara da ƙasashen Birtaniya da Norway suka tallafa wa a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, an horar da 'yan ƙungiyar direbobi ta ƙasa su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti a kowane lokaci, ba tare da tsawwala kuɗi ba. Ladan direban da ya yi haka shi ne a ba shi lodi kafin layinsa ya zo a tasha. A yankin da ƙauye ke da nisa da babban asibitin Kazaure, kuma motar ɗaukar marasa lafiya ba ta wadata ba, sa'a guda da aka rage a hanya tana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa ga matar da jini ya ɓalle mata.

3.4.2 Ruwan Sha da Tsaftar Muhalli

Haƙa rijiyar burtsatse aiki ne na mako guda ko biyu, amma riƙe ta aiki ne na shekaru. Famfon tuƙa-tuƙa yana da robobi da sanduna da suke cinyewa, kuma sau da yawa abin da ke kashe shi bai fi ƙarfin aljihun mutum goma ba. Idan jama'a suka ɗauke shi kayan gwamnati, sai a zuba ido har a koma shan ruwan tafki. Domin magance haka aka ɓullo da kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauye, maza da mata, waɗanda suke tara ɗan abin da aka yanka wa kowane gida, su kira makaniki, su sayi kayan gyara, su kuma hana wanki da shayar da dabbobi a bakin famfo.

Waɗannan kwamitoci ne ƙashin bayan yaƙi da bahaya a fili. Dabarar da aka yi amfani da ita ta samo asali ne daga Bangaladash a wajajen shekara ta 2000, kuma sharaɗinta shi ne ba a ba kowa kuɗin gina masai. Ana tara mutanen gari ne a zagaya da su wuraren da ake bahaya, a nuna musu yadda ƙuda da ruwan sama suke mayar da ƙazantar cikin abinci, har su da kansu su yanke shawarar kowane gida ya haƙa shadda. Bayan jami'ai sun tafi, 'yan kwamiti da masu unguwanni ne suke bi gida-gida. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin ƙasa a kan wannan matsala, a watan Oktoba na 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da dukkan ƙananan hukumominta 27, har da Gwiwa, suka cika sharuɗɗan daina bahaya a fili. Babu sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma da yake da duba-garin da za su iya leƙa kowane gida. Da ƙafafun masu sa-kai aka yi wannan zagaye.

3.4.3 Ilimi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, amma doka ba ta fitar da yaro daga gona ko yarinya daga talla. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda suka ƙunshi shugaban makaranta da wakilin mai gari da malamin addini da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai, su ne suke bin iyaye a farkon zango, su lura da malamin da ba ya zuwa, su tara kara da azara a gyara rufin da iska ta yaye. A Jigawa an ƙarfafa waɗannan kwamitoci a ƙarƙashin shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa daga 2008. Bugu da ƙari, a kan sami masu takardar NCE da ba su sami aiki ba suna koyarwa kyauta a makarantun garuruwansu, musamman a Islamiyyu da azuzuwan yaƙi da jahilci.

3.4.4 Tsaro da Sasanci

Sashe na 214 na Tsarin Mulki ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, don haka ƙaramar hukuma ba ta da dakarun kanta. 'Yan sintiri ne suke kwana a bakin kasuwa da mashigar gari, 'yan agaji kuma suke tsara jama'a a filin idi da wurin jana'iza. A lokacin kaka, dattawan manoma da arɗo-arɗon Fulani sukan zauna su sasanta ɓarnar gona kafin ta kai ga 'yan sanda ko kotu. Ga ƙaramar hukumar da take kan iyakar jiha, sanin baƙon da ya sauka da dabbar da aka shigo da ita da dare abu ne mai muhimmanci, kuma mazauna wurin ne kaɗai suke da wannan sani.

3.5 Yadda Aikin Yake Ƙarfafa Hukuma

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da hanyoyi huɗu. Ta farko, masu sa-kai suna kai hukuma inda ƙafarta ba ta zuwa, wato cikin gida da ruga. Ta biyu, suna ara mata yardar da jama'a suka ba su. Ta uku, suna tsawaita ran ayyukan da aka kashe wa kuɗi, ta yadda kasafin baɗi ba zai ƙare a sake gina abin da aka gina bara ba. Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, suna dawo wa hukuma da labari. Littafin da mai wayar da kai take rubuta jarirai, da rajistar 'yan makaranta da kwamiti yake dubawa, su ne alƙaluman gaskiya da ya kamata a gina kasafin kuɗi a kansu. Haka kuma mutumin da ya zuba guminsa a gyaran aji shi ne zai fi kowa ƙarfin halin tambayar kansila inda kuɗin kujeru suka shiga. Ta nan aikin sa-kai yake zama makarantar koyon shugabanci da bin diddigi.

3.6 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce hukuma ta mayar da masu sa-kai madadin kanta. Jama'a za su iya sauya robar famfo, amma ba za su iya sayen injin da ya ƙone ba. Za su iya yaɓe aji, amma ba za su iya biyan ƙwararren malami ba. Idan aka sakar musu abin da ya fi ƙarfinsu, sai talaka ya zama yana biyan haraji sau biyu, da kuɗinsa da kuma ƙarfinsa, daga nan sai gajiya ta shigo.

Ta biyu ita ce maganar alawus. Yawancin shirye-shiryen da aka ambata da tallafin ƙasashen waje aka yi su, kuma akan ba masu aikin ɗan abin sayen sabulu. Wannan ba laifi ba ne ga matar da ta bar sana'arta ta yini tana zagaye. Illar ita ce idan shirin ya ƙare alawus ya tsaya, aikin ma yakan tsaya, sannan gayyar da a da ake yi kyauta sai a fara tambayar nawa za a bayar.

Ta uku ita ce siyasa. Idan aka cika kwamiti da 'yan jam'iyyar shugaba, rabin gari zai janye hannunsa, kuma da an sauya gwamnati sai a rushe kwamitin a rasa duk horon da aka ba shi. Ta huɗu ita ce wuce gona da iri, musamman a fannin tsaro. Abin da ya faru a Zamfara, inda ɗaukar doka a hannu ya rura wutar ramuwar gayya tsakanin al'ummu, ya isa darasi cewa ɗan sintiri aikinsa kamawa ne ya miƙa, ba hukuntawa ba.

Ta ƙarshe ita ce raunin ita kanta hukumar. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a jihohi da yawa kuma kantomomin riƙo aka riƙa naɗawa maimakon zaɓe. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomi. Wannan hukunci ya ƙara wa masu sa-kai muhimmanci, domin kuɗin da suka sauko kusa da jama'a suna buƙatar idon jama'a a kansu.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa aikin sa-kai tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma nasarorin da aka samu a kan shan-inna da tsaftar muhalli a Jigawa sun tabbata ne a lokacin da hukuma ta kawo kuɗi da kayan aiki da horo, jama'a kuma suka kawo ƙafa da sanayya da amana. Inda ɗaya ya janye, ɗayan ba ya iya ɗaukar kayan shi kaɗai. Saboda haka abin da ya kamaci hukuma irin ta Gwiwa shi ne ta ajiye rajistar ƙungiyoyi da kwamitocin da ke mazaɓunta 11 a sashen raya al'umma, ta bar wa jama'a zaɓen mambobinsu, ta ware musu kaso bayyananne a kasafin kuɗi domin gyaran da ya fi ƙarfinsu, ta kuma riƙa zama da su kafin a tsara ayyukan shekara. Babi na gaba zai duba dangantakar waɗannan kwamitoci da masu riƙe da sarautun gargajiya a Masarautar Kazaure.